Shafi-Biyu da Furannin Auta

Ranar da likita ya ce wa Shafi-Biyu ya daina hawa tsani, bai kula kowa a gida ba sai da ya gama zagin tsanin, ya zagi gwiwarsa ta hagu, sannan ya zagi likitan a bayan idonsa. Mai fentin gidaje ne, a kan tsani ya ci ƙuruciyarsa da girmansa, bokiti a hannu ɗaya, buroshi a ɗaya, baki kuma yana nasa aikin daban. Sunan ma a wurin aiki ya samo shi. Duk ɓarnar da ya tafka a bango, ko ya shafa kore inda aka ce shuɗi, ko ya fente ƙadangare da ransa, amsarsa ɗaya ce: "Ku bari ya bushe, shafi na biyu zai rufe."

Yana zaune a falo ya miƙe ƙafa yana harare-harare, sai ga Auta, ƙanen matarsa, ya zo dubiya. Wannan Autan da hannunsa Shafi-Biyu ya sha share masa majina lokacin da yake neman auren yayarsa. Yanzu yaro ya girma har da ɗan tumbi, ya kama fili a bakin titi zai buɗe wurin sayar da dashen furanni.

"Yaya, zaman nan ba zai yi maka ba," in ji Auta. "Ina neman mai ban-ruwa. Aiki ne a ƙasa, ba hawa ba sauka. Ka riƙe tiyo da safe, ka riƙe da yamma, shi ke nan."

"Wa? Ni? Ni da nake fente bene tun daga sama har ƙasa ko ɗigo bai taɓa tagar mutane ba, ni zan riƙe maka tiyo? Maman yara! Zo ki ji abin da ƙanenki yake faɗa!"

Daga kicin ta amsa, ko leƙowa ba ta yi ba. "Na ji. Ni na ce ya zo."

Auta ya ga wuri ya yi zafi, sai ya sauya hira. Ya ce damuwarsa ɗaya, dashe tun yana ƙarami duk kore ne, mai saye ba ya sanin wane fure zai fito masa. Don haka zai sa wata mata mai zane da kalar ruwa ta zana masa kowane fure da ganyensa, ya rataya a kan layinsa. Hoton waya kowa yana da shi, shi na hannu yake so. Ya ciro wayar ya nuna aikin matar.

Shafi-Biyu ya karɓa, ya nisantar da ita daga fuska don bai sa tabarau ba, ya taɓe baki.

"Wannan? Ai ba ta gama ba. Dubi yadda takarda take leƙowa ta ko'ina. A wurinmu wanda ya kawo wannan ko ruwan sha ba za a ba shi ba."

"Haka ake yin sa, Yaya."

"Haka ragwaye suke yin sa. Fenti ai fenti ne. Mutumin da ya fente masallaci da makaranta da asibiti, ɗan fure ne zai gagare shi? Ka bar matar nan ta huta. Ni zan zana maka, har ƙudan zuma su riƙa sauka a kai."

Auta ya yi dariya irin ta ƙanen mata, wadda ba ka da ikon marin mai ita. "To mu yi haka. In sun yi kyau ranar buɗewa, kai ne mai zanen wurin, in sa maka kujera a inuwa. In ba su yi ba, tiyo."

"Kawo hannu!"

Matar Shafi-Biyu ta fito tana goge hannu a zane. "Ni ce shaida."

Da Auta ya fita, Shafi-Biyu ya zauna yana kallon silin. Shi dai a rayuwarsa bai taɓa zana ko ƙwai ba. Ya ce a ransa, "Kai bakin nan, gwiwa ta ajiye aiki da mutuncinta. Kai yaushe za ka ajiye?"

Washegari ya ɗingisa zuwa shagon kayan zane. Ya zaci bokitai zai gani. Sai mai shagon, wata budurwa, ta miƙo masa ɗan akwatin da bai fi tafin hannu ba, kaloli a jere a ciki kamar alewar yara, da buroshin da gashin girarsa ya fi shi kauri.

"Ina farin?"

"Baba, ai takardar ce farin. Inda kake son fari sai ka bar wurin, kada ka taɓa. Sannan ka fara da mai haske, ka bari—"

"In bar wuri? Yarinya, wanda ya bar wuri a sana'armu korarsa ake yi."

"Wannan ba irin—"

"Tun ba a haife ki ba nake riƙe buroshi. Ƙunshe mini."

A gida ya mamaye teburin cin abinci, ya jera furannin da Auta ya aiko a cikin kwalabe. Ka'idarsa ta farko ba ta sauyawa: ba a taɓa kowane bango sai an shafa masa fari. Ya jawo ragowar farin fentin mai daga ƙarƙashin gado, ya bi rabin takardun ya shafe su tas, ya fita ya shanya a igiyar ƙofar gida da abin maƙale wanki.

Shagon Tela yana kallon ƙofar. Telan ya tsayar da kekensa, ya leƙo, awo a wuya.

"Maƙwabci, zanen me ke nan?"

"Farar takarda ce na yi mata farin fenti."

Tela ya ƙura ido ya jinjina kai. "Wallahi ya yi kama."

Da suka bushe, ya ɗiba ja ya ɗora. Kalar ta ƙi zama. Ta dunƙule ɗigo-ɗigo tana zamewa kamar ruwa a kwano mai maiƙo, ya bi ta nan ta gudu can. Ya hura mata iska, ya yi mata tsawa, ya kira sunan uwar wanda ya ƙera ta. Rabin takardu sun tafi ke nan.

Ya juya kan waɗanda bai shafa ba. Ya kwaɓa ja da kauri, ya zabga a tsakiya, ya kwaɓa kore ya zabga a gefe. Nan take ja ya tsallaka gidan kore ko sallama babu, kore ya rama, suka haɗu a tsakiya suka haifi wani launi da ba shi da suna sai a kwatami.

"Baban yara, mene ne wannan?" in ji matarsa, tana tsaye da faranti ta rasa inda za ta ajiye.

"Shafin farko ne. Ki bari ya bushe."

Ya bushe. Ya kawo shafi na biyu. To ashe ita wannan kalar ba ta mutuwa, barci take yi. Da ruwa ya taɓa ta sai na ƙasa ya farka ya taso, ya rungumi na sama, suka koma taɓo tare. Ya ƙara na uku. Takarda ta fara kuraje. Mutumin kirki ya ciro samfefa, yadda ake yi wa bango, ya goga sau kaɗan, sai ga shi yana kallon zanen teburin matarsa ta cikin rami, shi ma ya sha ja.

"Zanen teburin da uwata ta ba ni!"

"Gwaji nake yi, mace! Duk babban aiki sai da gwaji!"

"To ka gwada a kan rigarka!"

Bayan 'yan kwanaki ya samu guda ɗaya da ba ta huje ba, sai dai ta kanannaɗe kamar busasshiyar fata. Ya naɗe ta a hammata ya tsallaka shagon Tela a goge masa. Mai Aski yana zaune a benci, ba shi da kan da zai aske, yana neman abin yi.

"Miƙo mu gani," in ji Mai Aski. Ya buɗe, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa. "Hanta ce?"

"Wace irin hanta?" in ji Tela. "Ba ka ga ƙafafu ba? Kaza ce aka fige."

"Fure ne!" Shafi-Biyu ya daka tsawa. "Jan fure da ganye uku!"

Mai Aski ya cire hula. "Allah sarki. Mota ce ta taka shi?"

"Ku da ba ku san komai ba sai almakashi! Goge mini in tafi!"

Tela ya ɗora dutsen guga. Wurin da kala ta yi kauri bai gama bushewa ba, ya yi ɗan cuu, amma ba wanda ya kula don ana ta musu. Ya ajiye takardar, ya jawo farar rigar wani ango da za a karɓa da yamma, ya danna dutsen a gadon baya. Da ya ɗaga, ga wani jan abu zagayayye, gefe-gefensa a baje, sumul.

Mai Aski ya miƙe tsaye yana tafi. "To ga fure ya fito! Wallahi wannan ne fure! Tela, ashe kai ne mai zanen!"

Tela bai yi dariya ba. Ya ɗauki sandar awo, kuma ranar unguwa ta shaida cewa gwiwar da likita ya ce ta gaji tana da sauran gudu a cikinta.

Ranar buɗewa ta matso. Akwatin kala ya zama ramuka, don mutumin da yake zuba shafi uku a kan fure ɗaya ba alewar da za ta ishe shi. Ya koma shago, budurwar ta ce sun ƙare sai wani makon. Ya dawo ya zauna gaban 'yan takardun da suka rage, yana jin ƙarar tiyo a kunnensa tun ba a kunna ba.

Ba yadda zai yi. Ya tsoma ɗan siririn buroshin a ruwa, ya kankare abin da ya maƙale a gefen ramin ja, ya shafa. Ruwa-ruwa, da ƙyar ake ganin launin. Ya bar wurare fari don ba abin da zai cike su da shi. Ya lallaɓo kore ya ja ganye da shafa ɗaya, don in ya koma ba saura. Ya kalli abin ya ji kunya ta kama shi, ya fita tsakar gida ya sha iska kafin ya bushe ya san yadda zai yi da shafi na biyu.

Da ya dawo ba takarda.

"Maman yara! Ina aikina?"

"Yana cikin akwatina. Na kulle."

"Ban gama ba!"

"Ka gama."

"Shafi ɗaya ne fa!"

"Tunda ka fara haukan nan, yau ne na ga fure a gidan nan. Zauna ka yi na gaba."

"Ke ba tiyo kike so in riƙe ba?"

"Ko tiyo ko kujera, ni dai ka fita mini daga falo."

Haka aka yi sauran. Yana zana, tana tsaye a bayansa kamar shaho. Da ta ga buroshi ya juyo zai koma inda ya riga ya bi, sai ta fizge takardar ta ruga ɗaki, shi kuma ya bi ta yana ɗingishi yana ihu za a zubar masa da mutunci a gari, za a ce ya tsufa ya fara ha'inci. Maƙwabta suka ɗauka faɗa ake yi. Matar Tela har ta shigo rabon faɗa, ta tarar da dattijo yana roƙon matarsa ta ƙofar ɗaki, "Ganye ɗaya kawai zan ƙara wa, ganye ɗaya!"

Da aka gama ta baje su a kan gado ta kira shi. Ya tsaya. Ga jan fure kamar da safe aka tsinko shi, ga mai ruwan hoda haske yana ratsa shi, ga ganye har jijiyarsa, inda kala ta ƙare masa ne ta fito. Sun yi kyau, kuma abin ya ɓata masa rai ƙwarai. Ya ce a ransa, "Wato duk abin da na iya shi ne ya ɓata, wanda ban iya ba shi ne ya gyara. Da talauci bai kama akwatin nan ba da yanzu ina jiƙa tukwanen furanni."

A fili kuwa cewa ya yi, "Dama haka na tsara."

Ranar buɗewa da safe Auta ya karɓi zanen, ya duba ɗaya, ya duba biyu, ya sosa ƙeya.

"Yaya, kai ka yi?"

"A'a, aljanu."

"To bari in aika a sa su a gilashi."

"Gilashi? Aikina ba ya ɓuya a bayan gilashi. Na matsorata ne wannan. Kafa su haka kowa ya gani."

Aka manne su duka a wani babban farin allo a bakin shiga, kafin a raba kowanne kan layinsa. Auta, da yake ɗan halak ne, da kansa ya ɗauko kujera mai hannu ya ajiye a ƙarƙashin rumfa. Shafi-Biyu ya zauna cikin kayansa na fita, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, mai ciwon a sama don kowa ya san ya yi ritaya daga hawa. Jama'a suka taru, masu saye da masu kallo. Mata suna nuna zane suna cewa a ba su dashen wannan, a ba su na wancan. Auta yana ta kai da kawo, tiyo a hannunsa yana yayyafa wa tukwanen da rana ta fara duka.

Yabo ya shiga kan Shafi-Biyu kamar hayaƙi. Ya miƙe ya tsaya gaban allon.

"Sirrin wannan aiki," in ji shi, "shi ne sanin inda za ka tsaya. Jahili sai ya yi ta ƙarawa, ya yi ta ƙarawa. Ni kuwa hannuna da kansa yake tsayawa."

Matarsa ta yi tari har sai da aka miƙa mata ruwa.

Sai wata dattijuwa mai tabarau ta matso, shugabar wata makarantar yara, ta zo sayen dashe don harabarta. Ta daɗe tana kallon zanen.

"Malam, aikinka ya burge ni. Ina son irinsu a kowane aji. Sai dai ka san yara, hannu kullum a jiƙe, bango kuma ana gogewa. Zai jure?"

Kafin ya buɗe baki, wata murya ta fito daga baya. Tela ne, wanda har yanzu rigar ango ba ta bar zuciyarsa ba.

"Malama, ki yi hattara, shafi ɗaya ne! Matata ta gani da idonta. Mutumin da ake kira Shafi-Biyu, yau ga shi da ɗaya. Tsufa ya zo!"

"Wai ma ƙwace masa ake yi!" in ji Mai Aski.

Wuri ya ɗauki dariya. Kunnuwan Shafi-Biyu suka yi zafi. To shi a duk shekarunsa na aiki, in mai gida ya kuskura ya tambayi ko fenti zai jure, ba ya amsawa da baki. Ruwa yake ɗiba ya watsa wa bangon a gaban mutum, ya tsaya yana kallonsa ido cikin ido har ruwan ya gangare. Da haka yake miƙa kowane aiki, kuma bai taɓa jin kunya ba.

Kansa ya sani. Wallahi kansa ya sani, don shi ya ga yadda kalar nan take farkawa. Amma kafin saƙo ya taso daga kai ya iso, hannu ya riga ya fizge tiyo daga wurin Auta.

"Fentina ba ya tsoron ruwa!"

"Baban yara!"

Ya danne bakin tiyon da babban yatsa, ya bi allon daga hagu zuwa dama, daga dama zuwa hagu, tsaf, ba inda ya bari, don shi ba ya barin wuri. Idonsa kuma yana kan Tela.

Dariya ta tsaya cak. Shirun ne ya sa ya waiga.

Jan furen ne ya fara kuka. Mai ruwan hoda ya bi shi. Ganyaye suka saki rassansu suka gangaro, rawaya ta shiga shuɗi, shuɗi ya shiga ja, duk suka sauko farin allon layi-layi suka taru a ƙasa, suka zama launin nan na kwatami da ya sani sarai. Takardu suka saki ɗaya bayan ɗaya suna faɗowa, faca, faca.

"Kashe! A kashe famfo!" Ya juyo yana neman famfon, ya manta yatsansa yana kan tiyo. Shugabar makaranta ta samu nata a tabarau. Mai Aski ya samu a baki, don a buɗe yake. Tela ya sha daga wuya har gwiwa, ya zame ya zauna cikin tukunyar wani dashe mai ƙaya, ya tashi da ƙara wadda ta tsayar da masu wucewa a titi.

Shugabar ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta mayar, ta dubi allon, ta dube shi.

"Na gode, Malam. Na samu amsa."

Shafi-Biyu ya sauke hannu. Ruwa yana zuba a kan takalminsa na fita. Ya nemi abin da zai ce, karo na farko a rayuwarsa baki ya ce shi ba ruwansa. "Yanzu ka yi shiru, munafuki," ya ce masa a ransa. Ta wutsiyar ido ya hango matarsa ta ɗauki kujerar nan mai hannu, ta kai wa shugabar makaranta ta zauna ta bushe.

Auta ya matso a hankali, yana cije leɓe don kada dariya ta kufce.

"Yaya."

"Kada ka ce komai."

"Ba zan ce ba. Kawai dai, tunda ga shi a hannunka, layin hagu bai sha ba."

Shafi-Biyu ya dubi tiyon, ya dubi layin hagu, ya dubi jama'a. Ya naɗe hannun riga.

"Matsa, kada in jiƙa ka. Tun ɗazu nake kallonka ina haƙuri. Wa ya koya maka riƙe tiyo haka?"